Tsohuwar Hilux mai shan gas: a gyara ta ko a sayar a sayi wata?

Wani bawan Allah daga Kurna ya turo tambaya, ya ce yana da Hilux ƙirar 2008 mai shan gas wato dizal, injin 2KD, da ita yake ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa cikin gari da kasuwannin ƙauye. Yanzu ta fara hayaƙi, da safe sai an sha fama kafin ta tashi, tana rage baƙin mai, kuma kwanakin baya ta taɓa yin zafi a hanyar Bichi. Bakanikensa ya ce a sauke inji a yi obaholin, wato a buɗe shi a sake kayan cikinsa da suka gaji, ƙaninsa kuma ya ce a rabu da ita kawai a cika kuɗi a sayi wata, shi ne yake neman shawara.

Toh Alhaji, Allah ya rufa asiri ya ƙara buɗi. Ni dai abin da zan fara ce maka shi ne kar ka yanke hukunci da shekarar mota, kuma kar ka yanke da hayaƙin da kake gani a salansa. Mu da muke aikin motocin gas kullum mun san cewa inji shi ne abin da ya fi tsorata mai mota amma kuma shi ne abin da ya fi gyaruwa, abin da ba ya gyaruwa yana ƙasa, wato shasi. Saboda haka kafin kowa ya taɓa maka sifana a kan injin nan, a kai motar wajen wanki a wanke ƙarƙashinta tas, a hau da ita kan rami, ka sauka da kanka da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi ƙarfen shasin daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa, lafiyayyen ƙarfe amsawa yake da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu har ɓawo yana zubowa. Ka fi zuba ido a wajen da sifirin na baya yake rataye, da kuma daidai tsakanin kan motar da bodin baya, nan ne lodi yake karya mota. In ka ga tsohuwar walda a wajen, ko an lafta wani faranti an rufe tsaga, ko ka tsaya daga nesa ka ga bayan motar ya ɗan sunkuya ya rabu da kai ta sama, to maganar ta fara canzawa. Haka in tana cin taya gefe ɗaya duk da an yi mata alaimen ba sau ɗaya ba, ko in tana tafiya a miƙe na bayanka ya ce maka kamar a karkace take.

Abin da ya taimake mu a Kano shi ne ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin mota irin yadda take ci a Legas ko Fatakwal, balle motocin Turai da ake zuba wa titunansu gishiri lokacin ƙanƙara. Namu matsalar lodi ce. Hilux abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, wato bai kai buhun masara goma mai kilo 100 ba in an cire nauyin direba da yaron mota, amma kai ma ka san abin da ake ɗora mata a Dawanau, ana ƙara ganyen sifirin a ce ai yanzu ta ƙara ƙarfi, alhali sifirin ne kawai ya ƙara tauri, shasi da aksul da birki suna nan yadda kamfani ya yi su. Sai kuma masu ɗaukar takin zamani da gishiri da ƙirgi da dabbobi, su kam bodin baya yana ruɓewa ko a Kano ne. Amma ruɓewar faranti na bodi ba abin tashin hankali ba ne, mai walda zai sake shi.

In shasin nan lafiya lau yake, takardun kwastan ɗinta cikakku ne, giya tana shiga ba gurnani ba ta fita da kanta, to wallahi ni a ganina ka riga ka yi rabin hanya zuwa ga gyara.

Yanzu mu dawo kan injin. Abin da ya dame ni a tambayarka shi ne an ce a yi obaholin, amma ba ka ce an gwada komai ba. Duk alamun da ka lissafa akwai ƙananan abubuwa da suke kawo su. Wuyar tashi da safe, musamman in hunturu ya shigo, sau da yawa hita fulogi, masu ɗumama cikin silinda kafin tashi, ne suka mutu, ko batir ya yi sanyi kik ba ya juya injin da sauri, ko iska ce take shiga layin mai cikin dare mai ya koma tanki. Gwajinsa ba wuya, da safe kafin ka murza makulli ka danna ɗan famfon nan da yake kan filtar mai har sai ya yi tauri, in ta tashi nan take to iska ce, ba ringin fistin ba. Injin gas ba shi da fulogin wuta, matse iska yake har ta yi zafi ta kunna man da kanta, shi ya sa duk abin da ya rage saurin juyi ko ya rage zafi sai tashi ya yi wuya.

Hayaƙi ma kala-kala ne kuma kowanne da abin da yake faɗa. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, a fara duba filtar iska, ƙurar Kano ta hunturu tana toshe ta tun kafin lokacin da littafi ya ce, sannan a duba robobin tobo ko akwai wanda ya tsage, a duba EGR, wato bawul ɗin da yake mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, ko ya cika da dauɗa, sannan a zo kan nozul. Fari da safe wanda yake ɗaukewa in inji ya yi ɗumi yawanci man da bai ƙone ba ne, ya koma kan hita da nozul. Farin da ba ya ɗaukewa kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan shi ne abin tsoro. Shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne yake ƙonewa, amma ko shi ba lallai ringi ba ne, tobo in sil ɗinsa ya gaji yana tura mai cikin inji, ka sa a cire robar da take fitowa daga tobo, in ka ga mai ya taru a ciki sosai ko ka kama sandar tobon ka ji tana wasa har tana gogar gefe, ka samu ɓarawon manka.

Ga gwajin da za ka yi da kanka ba ko sisi. Inji ya yi zafi yana silo, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai, kar ka ɗauke shi, ka bar shi zaune a bakin ramin. In yana ɗan rawa kawai yana zaune, injinka da sauransa. In iska tana cilla shi sama, hayaƙi yana bulbulowa bul-bul-bul, to matsi yana zubewa ƙasa. Na biyu, da safe inji da sanyi, kar ka kuskura ka yi wannan da zafi don ruwan zai ƙona ka, ka buɗe murfin lagireto ka cika ruwa ka tayar da mota ka tsaya kana kallo. In ka ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta tsayawa, ko robar sama ta yi tauri tun inji bai yi zafi ba, to zafin nan da ta yi a hanyar Bichi ya bar tabo, ko gasket ya ƙone ko kan silinda ya tsage, don kan 2KD na alminiyom ne ba ya jure zafi. Ka zaro sandar awon mai ma ka gani, in man ya koma kalar shayi mai madara ruwa ya shiga.

Bayan wannan sai abin da sai da na'ura, a auna kwamfireshan na kowane silinda a rubuta maka a takarda, a sa kwamfuta a karanta yadda kowane nozul yake gyara kansa, in da hali a cire su a kai wajen masu gwaji a benci. Akwai wani abu da injinan KD suka yi suna da shi wanda dole in ja hankalinka a kai. Wanshan da yake ƙarƙashin nozul in ya fara yoyo, hayaƙi yana shiga cikin baƙin mai ya dunƙule ya zama gawayi, gawayin ya sauka ya toshe rariyar da take tsotso mai a cikin tukunyar ƙasa, mai mota bai san komai ba sai ranar da fitilar mai ta kawo inji ya yi nokin. Saboda haka ko me za a yi a sauke tukunyar a duba rariyar nan, aikin yini ɗaya ne amma ya ceci injina da yawa. Haka bel ɗin taimin, Toyota sun sa kilomita 150,000 a kan waɗannan injina, in ba ka san ranar da aka canza shi ba ka ɗauka lokacinsa ya yi, don in ya tsinke fistin da bawul ne za su gamu.

In bakanike ya ƙi yin waɗannan gwaje-gwaje ya ce shi da kunne yake ganewa, ka kai wa wani ya gani. Ba raina sana'ar kowa nake ba, akwai dattawan da suka ƙware a tsofaffin injina irin 2L da 3L da 5L da TD27 na Nissan da 1HZ na Land Cruiser wanda ko cikin dare ka tashe su za su haɗa maka, amma waɗancan famfonsu na ƙarfe ne zalla, naka kuwa kwamfuta ce take ba da mai kuma ƙarfin turin man ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi nesa ba kusa ba. Hannun da bai saba da shi ba yana iya yi maka gyaran gangar auzinawa.

To a ce an gwada an tabbatar injin ya gaji. Nan ne lissafi yake shigowa, kuma nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, sai ka ji an ce ai kuɗin gyaran ya kai kwatan kuɗin motar gara a sayar. Ba haka ake aunawa ba. Abin da za ka auna shi ne kuɗin gyara a gefe guda, da kuma cikon da za ka yi kafin ka samu wadda ta fi taka da gaske a ɗaya gefen. Mota mai hayaƙi in ka kai ta wajen dillalai a ƙarye za su saye ta, su cire kuɗin inji har da ƙari, ga la'ada. Wadda za ka saya kuma farashinta na dalar yau ne. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, kuma kuɗin kwastan da dala ake lissafa shi, a 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa wanda shi ne ya kashe kasuwar 'yan Kwatano da muka sani. Motarka ka saye ta da tsohon kuɗi, duk wadda za ta maye gurbinta da sabon kuɗi za ka saye ta. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, cikon da kake da shi zai kai ka ga sabuwa dal ko mai shekara uku huɗu? In ba zai kai ba, to abin da za ka sayo wata tsohuwar ce mai shekara goma ko fi, wadda ba ka san tarihinta ba, an juya mata mita, an yi mata fenti, an zuba mata mai kauri don ta ɓoye hayaƙi ranar ciniki, wata ma asalinta hannun dama ce aka juya sitiyari. Taka kuwa ka san ranar da aka sa mata kuloci, ka san aksul ɗinta, ka san inda take ciwo. Na sha ganin mutum ya sayar da motarsa saboda inji, ya cika miliyoyi, wata shida ba a yi ba ya dawo gareji da sabuwar tasa a kan maganar inji da giya gaba ɗaya.

Amma fa akwai ɗaya ɓangaren lissafin da su kuma masu son gyara suke mantawa, wato kwanakin da mota take kwana a gareji. Ka ɗauko littafi ka rubuta duk abin da ka kashe mata a shekarar da ta wuce, ka ware taya da batir da juye da birki gefe don waɗannan ko sabuwa ka saya za ka yi su, ka bar na lalacewa kawai. Sannan ka ƙirga ranakun da ba ta fita ba ka ninka da abin da take kawowa a rana, ka haɗa da kuɗin shatar da ka biya wata motar, da kwastoman da ya gaji da jira ya koma wajen wani. In ka ga duk matsalar a waje ɗaya take, inji ne kawai yake ta dawowa, gyara ɗaya mai kyau zai kashe maganar. In kuwa yau inji gobe giya jibi wayarin, gata farfela da sitiyari, kowane wata da sabon abu daga sabon waje, to motar ce gaba ɗaya ta gaji.

In ka tsaya a kan gyara, dan Allah ka yi shi sau ɗaya. Abin da yake cinye masu mota shi ne gyaran rabi, a sa ringi kawai a rufe, bayan wata uku a sake buɗewa saboda metal ɗin kiranshaf, a sake sayen gasket a sake biyan kuɗin aiki. In an buɗe a auna silinda da kiranshaf da ma'auni, ba da yatsa ba, a kai kan silinda a gwada shi da matsin ruwa a ga ko ya tsage ko ya lanƙwashe, a duba famfon mai, a sa sabon famfon ruwa da bel da tenshina, a wanke lagireto ko a canza shi tunda mai yiwuwa shi ne ya jawo zafin tun farko, a mayar da tamostat in an taɓa cire shi, a ɗaure kan inji da sifanan awo ba da bututu ba. Kaya kuma ka shiga Ƙofar Ruwa da kanka tare da wanda ya san kaya, don kwali iri ɗaya ne amma abin ciki hawa-hawa ne, musamman nozul da gasket da filta, araha a nan ita ce tsada. Duk abin da aka cire a ba ka tsohon a hannunka. Bayan an haɗa kar ka ɗora mata cikakken lodi nan da nan, ka lallaɓa ta, ka yi juye da wuri wajen kilomita dubu.

Maganar sayen injin Baljiyam a ɗora kuma, yana da kyau in bulok ɗin naka ya fashe ko kiranshaf ya ci har ba ya gyaruwa, ko kana sauri kaka ta matso. Amma shi ma tsoho ne, sa'a ce. Kar ka biya sai an buɗe murfin sama da tukunyar ƙasa ka ga cikinsa, a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit tare da lambar injin don ranar da za a tsayar da kai a hanya, kuma tsohon injinka kuɗi ne kar ka bar shi a gareji a ce an jefar. Masu cewa a cire na gas a sa 2TR na fetur kuwa, ana yi, amma ba inji kaɗai ake canzawa ba, da birenbos wato kwamfutar inji da wayarin da famfon tanki da abubuwa da yawa, kuma in ba gwani ya yi ba sai ka samu mota mai fitilu a dashbod har abada. Ga mai ɗaukar nauyi a doguwar hanya gas ya fi ja kuma ya fi tafiya mai nisa a lita. Da can da ake da tallafi a fetur, gas kuma ya yi tashin gwauron zabo a 2022, mutane da yawa sun gudu daga gas, amma tunda aka cire tallafin a Mayun 2023 tazarar ta ragu sosai. Inda fetur ya fi shi ne in aikinka na cikin gari ne gajere-gajere, ko kana da niyyar juyawa zuwa iskar gas ta CNG, don injin fetur ne yake karɓar wannan cikin sauƙi.

Inda zan ce maka ka sayar ba tare da na yi nauyin baki ba: shasi ya karye ko ya lanƙwashe, ko inji da giya da aksul duk suna neman kuɗi lokaci guda, ko aikinka ya fi ƙarfin motar, in kullum tan biyu kake ɗauka ba sabuwar Hilux kake buƙata ba, Dyna ko Canter kake buƙata. Haka in haya kake ba kamfanoni ko ƙungiyoyi masu sa sharaɗin shekarar mota. In hakan ta kama, ka faɗa wa mai saye abin da yake damunta, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma Kano duk girmanta a harkar mota kowa ya san kowa. Kar kuma ka ci bashi mai ruwa saboda mota, in dole sai an nemi ciko akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ masu tsarin murabaha, wato su sayi motar su sayar maka da riba sananniya ka riƙa biya a hankali, amma ko su ka tabbata abin da motar take kawowa a watan da kasuwa ta mutu zai iya biyan na wata, ba na lokacin kaka ba. In za ka ɗauko sabon samfuri mai injin 1GD ko 2GD da suka fara fitowa a 2015, ka sani sun fi naka ƙarfi da laushi kuma sarƙa gare su ba bel ba, amma sun fi naka tsantsami a kan mai, man 'yan bumburutu da aka sirka da kalanzir ko mai ruwa a ciki cikin ɗan lokaci zai kashe nozul, waɗanda aka shigo da su daga Turai kuma suna da matatar hayaƙi a salansa da take yawan toshewa a zirga-zirgar cikin gari.

A taka motar dai yadda ka kwatanta, ni zargina ya fi tafiya kan nozul da wanshansu, da tobo, sai kuma gasket saboda zafin da ta yi. Ka ware kwana biyu da kuɗin gwaji, ka fara da rami da guduma, sannan murfin mai da lagireto, sannan kwamfireshan da kwamfuta. Kafin nan ka rage mata lodi, ka riƙa duba ruwa da mai kowace safiya, in allurar zafi ta motsa daga inda ta saba ka tsaya nan take kar ka ce bari in ƙarasa. In sakamakon ya fito ka turo lambobin kowane silinda da abin da aka gani a rariyar mai, daga nan za a iya ce maka ga iya abin da za a buɗe, kuma ka yi ƙoƙari a gama aikin kafin amfanin gona ya fara shigowa Dawanau.